Kafin ka ce za ka sayi ƙaramar bindiga don tsaron gida, bi waɗannan matakan tukunna

Tun da aka fara jin ɓarayin daji suna tsallakowa daga ɓangaren Katsina suna taɓa ƙauyukan Tsanyawa da Shanono, ga satar shanu da ƙwacen babur da dama can ana fama da su har cikin Jigawa, maganar bindiga ta dawo bakin mutane sosai. A majalisa, a teburin mai shayi, a gurup ɗin WhatsApp na 'yan gari, sai ka ji wani ya ce shi fa so yake ya samu 'yar fistol ƙarama mara nauyi, wadda zai soke a ƙugu ya saki riga a kai ba wanda ya sani, da dare kuma ya ajiye ta kusa da kai. Yawanci bidiyon 'yan Amurka suka gani a TikTok ko YouTube, mutum ya jera bindigogi a tebur yana cewa wannan ta fi waccan sauƙin ɓoyewa. To ni ba zan ce maka tsoron da kake ji ba gaskiya ba ne, gaskiya ne wallahi, mai iyali da dabbobi a bayan gari dole ya yi tunanin dare. Amma zaɓen bindiga a nan ba irin zaɓen waya ba ne da za ka shiga Farm Centre ka ce a ba ka wadda ta fi batir, akwai abubuwan da sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma na farkon shi ne yake yanke sauran.

Mataki na farko: ka san abin da doka ta ce, domin a nan yawancin maganar take ƙarewa

Dokar bindigogi ta Najeriya tun 1959 take, kuma har yau tana aiki. Ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko su ne haramtattu, a ciki akwai bindigogin yaƙi, masu sarrafa kansu, gurneti da bama-bamai, sannan abin da mutane da yawa ba su sani ba, fistol da libarba ma a nan suke, kowace iri ce, babba ko ƙarama, ta kamfani ko ta maƙera. Lasisin wannan kashin shugaban ƙasa ne kaɗai yake da ikon bayarwa, kuma in ya ga dama. Ba DPO ba, ba kwamishina ba, ba gwamna ba. Wanda aka kama da ita ba lasisi, mafi ƙarancin hukuncin da dokar ta yanka shekara 10 ne a gidan yari, mafi ƙaranci fa na ce, ba mafi yawa ba. Ga kuma dokar fashi da makami ita ma tana da nata sashen a kan mallakar bindiga ba bisa ƙa'ida ba, kuma da zarar an same ka da fistol a jiki a shingen bincike, tambayar farko da za a yi maka ba wai gidanka kake karewa ba, tambayar ita ce su waye abokan aikinka.

Kashi na biyu su ne bindigogin da mutum zai iya riƙewa da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda: bindigar farauta mai baki ɗaya ko mai baki biyu wadda ake karyawa a sa harsashi da hannu, da raifil na farauta, da bindigar iska. Kashi na uku kuma su ne na gargajiya da ake ɗurawa ta baki, adaka ko bindigar toka irin ta maharba, waɗannan maganarsu tana hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha.

Sai ka lura, ita famfo ɗin nan da ake ja baya a tura gaba tana sa harsashi da kanta, wadda mutane suke ɗauka kamar kowa zai iya riƙewa, dokar ta cire ta daga kashi na biyu. A 2018 lokacin Sufeto Janar Ibrahim Idris an ba da wa'adi a miƙa haramtattun makamai, kuma har da ita a jerin.

Wani zai ce ai gwamnoni da kansu sun ce a kare kai. Haka ne, a watan Yuni na 2022 gwamnatin Zamfara lokacin Bello Matawalle ta fito ta ce jama'a su nemi lasisin bindiga, amma ba a je ko'ina ba babban hafsan tsaro na lokacin Janar Lucky Irabor ya ce gwamna ba shi da wannan ikon, su ma 'yan sanda suka ce ba sa bayarwa. A watan Agusta na 2023 kuma Kayode Egbetokun, yana riƙon ƙwaryar Sufeto Janar, ya sanar an dakatar da ba da lasisin ƙananan makamai. Saboda haka maganar ɗan siyasa a rediyo ba takarda ba ce, ranar da aka gurfanar da kai alƙali dokar zai buɗe, ba zai kunna maka muryar gwamna ba.

Mataki na biyu: ka tambayi kanka me kake tsoro takamaimai

Wannan kamar wasa amma shi ne yake nuna maka abin da kake buƙata. Ɓarawon akuya da kaji da yake haurowa ta katanga shi kaɗai, daban. Masu tare hanya ranar kasuwa su ƙwace babur ko kuɗin hatsi, daban. Masu zuwa a kan babura goma sha da AK-47 su ɗauki mutum, su ma daban. Na farko fitila da kare da ihun maƙwabta suna korarsa. Na biyu sauya lokacin tafiya, tafiya a ayari, da daina yawo da kuɗi a jiki tunda yanzu ko a ƙauye akwai mai POS, su suka fi yi maka amfani. Na ukun kuwa, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, fistol ba ta yi maka komai a gabansu. AK tana ɗaukar harsashi 30 a gida ɗaya kuma tana kaiwa mita ɗaruruwa, kai kuma kana riƙe da abu mai harsashi shida ko goma wanda in an wuce taku ashirin sai gwani yake samun abin da ya auna, da rana ma, balle cikin duhu jikinka yana rawa yara suna kuka. Harbi ɗaya da za ka yi shi zai sa su buɗe wa gidan wuta gaba ɗaya da duk wanda yake ciki.

Mataki na uku: ka fahimci ita kanta ƙaramar bindigar, domin masu bidiyo ba sa faɗar rabin labarin

A Amurka tsarin mulkinsu ne ya ba su haƙƙin riƙe makami, kotun ƙolinsu ma ta ƙara tabbatar da shi a 2008 ga wanda zai ajiye a gida, sannan a 2022 ga wanda zai fita da ita waje. Shi ya sa suke da kasuwa guda ta ƙananan fistol na ɓoyewa, irin su Glock 43 na kamfanin Ostiriya mai cin harsashi shida, da Sig P365 da ta fito a 2018 mai cin goma, nauyinsu kamar rabin kilo, da Ruger LCP wadda ta fi su ƙanƙanta ma. Abin da masu koyar da harbi a can suke faɗa wa sabon shiga kuwa shi ne, ƙaramar bindiga daɗin ɗauka gare ta amma ita ta fi wahalar harbawa. Dalilin a fili yake: sau da yawa harsashin iri ɗaya ne da na babbar fistol, ƙarfin da yake fita da shi iri ɗaya ne, to in ƙarfen ba shi da nauyi duk dukan a hannunka zai sauka, bakin ya yi sama, kafin ka dawo da shi ka sake aunawa lokaci ya tafi. Mariƙinta gajere ne, ƙaramin yatsanka a iska yake. Tazarar da ke tsakanin ma'aunin gaba da na baya ita ma gajera ce, ɗan karkacewa kaɗan a hannu sai ya zama kuskure babba a can inda harsashin zai sauka. Shi ya sa ko a can ɗin ma, wanda gida kawai yake son karewa ba ƙarama suke ba shi shawara ba, ƙaramar ta mai yawo da ita ce a jiki, kuma shi ma sai ya riƙa zuwa filin koyon harbi yana ƙona harsashi ɗari-ɗari, da malami a kansa, da kube na musamman da yake rufe kunamar ruf don kar ta tashi a wando.

Yanzu ka dawo gida ka duba. Ina filin koyon harbin farar hula a Gaya ko Ringim ko Gumel? Ina za ka samu harsashin da za ka yi ta gwaji da shi ta hanyar halal, tunda shi ma harsashin doka ta ce sai mai lasisi? Wanda zai sayar maka a ɓoye, shi daga ina ya samo ta, wa aka kashe da ita kafin ta zo hannunka? Bindigar kamfani tana da lamba, kuma in an same ta a wajenka duk laifin da aka taɓa yi da ita kai za a fara tambaya. Ta maƙera kuwa, ƙirar gida, ba ta da lamba amma ba ta da amana, bututun ruwa ne ko wani ƙarfen da ba a yi shi don ɗaukar wannan matsin ba, yau ta tashi gobe ta ƙi, jibi ta fashe ta tafi da yatsu ko ido. Kuma sau da yawa mai sayarwar shi ne mai kai rahoto, ko ga jami'ai ko ga ɓarayin, domin su ma bindiga kaya ce da suke nema. Gudun gara kenan a faɗa gidan zago.

To a taƙaice fistol ta fita daga lissafi. Abin da ya rage shi ne ko dai ka bi hanyar lasisi ta bindigar da doka ta yarda, ko ka tsare gidanka ba tare da bindiga ba, kuma ko ka samu na farkon na biyun dole ne.

Mataki na huɗu: in ka dage sai ka riƙe bindiga, ga yadda ake bi

Ka fara da gida. Ka je wajen mai unguwa, shi ya raka ka wajen dagaci, ka yi gaisuwa ka ce, ranka ya daɗe, ga halin da muke ciki a bayan gari, ga dabbobina, ina so in nemi lasisin bindigar farauta ta hanyar hukuma, ina neman shawara da shaida. Wannan zuwan yana da amfani biyu, na ɗaya su ne za a tambaya game da halinka, na biyu kuma sun san su waye maharba da 'yan sintiri masu rajista a yankin, ƙila ma su ce maka ka shiga cikinsu ya fi. Daga nan sai ofishin 'yan sanda na ƙaramar hukumarka, ka nemi ganin DPO da kanka, ka ce yallaɓai tambaya na zo yi, shin yanzu ana karɓar takardar neman lasisi ko har yanzu a dakace ake. In ya ce a dakace ake, magana ta ƙare, ka koma gida. In ana karɓa, takardar za ta bi ta hedikwatar jiha, Bompai in a Kano kake, Dutse in a Jigawa, ta bindigar farauta kuma sai ta dangana da Abuja. Ka shirya hotuna, katin shaidar ɗan ƙasa, takardar likita, da mutanen kirki da za su tsaya maka.

Dokar ta ce lasisi ba haƙƙinka ba ne da za ka ce dole a ba ka, kuma ta lissafa waɗanda ba za a ba su ba sam: wanda bai kai shekara 17 ba, mai taɓin hankali, wanda idonsa ba ya gani sosai, mashayi ko wanda ba ya iya riƙe kansa, da wanda aka taɓa yanke wa hukunci a kan laifin tashin hankali a cikin shekara biyar da suka wuce. Ni zan ƙara nawa da doka ba ta rubuta ba. In kai mai saurin fushi ne, in kuna rikicin gona ko na gado da 'yan'uwa, in gidanka ana yawan rigima tsakaninka da iyali ko tsakanin kishiyoyi, in akwai matashi a gidan da ake zargin yana shaye-shaye ko wanda damuwa ta yi wa yawa har yana maganar ya gaji da rayuwa, kar ka kawo bindiga gidan ko da an ba ka lasisin kyauta. Ɓarawo ƙila ya zo ƙila kar ya zo, amma fushi kullum yana gida.

Hattara da 'yan na-san-wani. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi zai fito maka da lasisi cikin sati ba sai ka je ko'ina ba, takardar bogi zai kawo maka, ranar da aka duba kuma laifi biyu ne a kanka. Kuma lasisi ake fara samu kafin bindiga, ba wai ka saya ka ɓoye sannan ka je nema ba. Saye kuma sai wajen dila mai rajista, da rasit, da lambar bindigar a rubuce a jikin lasisin. Lasisin naka ne kai kaɗai kuma na wannan bindigar ne kaɗai, ba ka ara wa ƙaninka ya je gona da ita, yana ƙarewa ana sabuntawa, in ta ɓata ko an sace ka kai rahoto nan take. Kar ka kai wa maƙeri ya yanke mata baki wai don ta shiga cikin riga, wannan ma laifi ne mai zaman kansa. In mai ita ya rasu kuma ba a raba ta a gado kamar garma, magada su sanar da 'yan sanda a san yadda za a yi da ita.

Mataki na biyar: ajiya, wanda shi ne aikin kullum

Gidajenmu ba irin na Turawa ba ne da mutum biyu ko uku, gida ɗaya sai ka samu yara goma sha, na gidan da na maƙwabta, suna shiga kowane ɗaki. Kar ka yaudari kanka cewa ba su san inda ka ɓoye ba. Ƙarƙashin katifa, saman sif, bayan buhun gero, cikin rufin ɗaki, duk sun sani. Ka auna yaro ɗan shekara takwas an aike shi turaka ya ɗauko caja, ya ɗaga filo ya ga ƙarfe, ya ɗauka da hannu biyu ya juya wajen ƙanwarsa da take bakin ƙofa yana cewa ɗaga hannu kamar yadda ya gani a fim. Ba ya buƙatar ya san komai, yatsa kawai zai sa.

Don haka akwatin ƙarfe mai kwaɗo, a kafe shi da bango ko ƙasa yadda ba za a ɗauke shi gaba ɗaya ba, makulli a jikinka ba a rataye a ƙusa ba. Bindigar a ajiye ta ba harsashi a ciki, harsashin a wani wajen daban shi ma a kulle. Mai adaka kuma albarushi ya yi nesa da madafa da fitilar kananzir da risho, a cikin abin da danshi ba ya shiga, domin da damina yana jiƙewa, kuma jiƙaƙƙen albarushi shi ne yake yin abin nan mai haɗari, ka ja kunama ta yi shiru ka ɗauka ta ƙi, ka juyo da bakin kana leƙawa sannan ta tashi. In ta ƙi tashi ka bar bakin a inda ba kowa, ka jira, kar ka leƙa. Kuma kar a bar adaka a ɗure a jingine a lungu wata da watanni, tsofaffin maharba sun san wannan.

Ƙa'idojin riƙo kuwa ba su da yawa kuma duk duniya iri ɗaya ne. Kowace bindiga ka ɗauke ta a matsayin mai harsashi ko da kai ka cire da hannunka. Bakinta kar ya kalli abin da ba ka yi niyyar harbi ba, ko da wasa, ko don hoto. Yatsa a waje da kunama har sai lokacin harbi. Sannan ka san abin da kake aunawa da abin da yake bayansa, wannan na ƙarshen shi ya fi shafarmu, domin zana da darni da kwanon rufi da ƙofar katako ba sa tare harsashi, bayan dangarka kuma ɗakin maƙwabcinka ne. Kar ka taɓa harbin motsi ko inuwa. Wanda yake taɓa ƙofa ƙarfe biyun dare zai iya zama ɗanka da ya dawo daga kallon ƙwallo, ko almajirin gidan, ko matarka ta fito kewaye. Haske tukunna, murya tukunna.

Mataki na shida: ka san iyakar kare kai

Addini da doka duk sun yarda mutum ya kare ransa da iyalinsa da dukiyarsa, hadisi ya inganta cewa wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa shahidi ne, tsarin mulkin 1999 a sashe na 33 ya ambaci kariya daga farmaki, haka ma kundin Penal Code da ake aiki da shi a Arewa. Amma duk da sharaɗi suke. Ba ka wuce abin da ya zama dole don ka tsira, kuma da zarar haɗarin ya kau haƙƙin ya ƙare. Ɓarawon da ya saki akuya ya juya yana gudu, in ka harbe shi a baya ba kare kai ba ne. Wanda aka kama aka ɗaure, dukansa har ya mutu kisa ne, ko mutum nawa suka taru a kai. A watan Maris na 2025 kotun ƙoli ta tabbatar da hukuncin kisa a kan wani manomi a jihar Adamawa da ya ce kansa ya kare, abin da aka riƙe a kansa shi ne ya riga ya ƙwace wuƙar daga hannun wanda ya kai masa hari sannan ya soke shi, alhali yana da damar guduwa. Mutane da yawa ba su ji daɗin hukuncin ba, an yi ta muhawara, amma ka ga yadda kotu take auna abin, daƙiƙa-daƙiƙa take binsa. Wannan fa wuƙa ce ta maharin kansa, to ina ga wanda ya yi harbi da bindigar da tun asali ba ta da lasisi.

Mataki na bakwai: tsaron da ba ya buƙatar lasisin kowa

A nan ya kamata kuɗin da ka tara ya tafi. Ka zagaya gidanka da yamma kamar kai ne ɓarawon, ka duba ta ina za ka shiga. Yawanci za ka ga katangar baya wajen turken dabbobi ta zaizaye, ko bishiya ta jingina da ita, ko an tara bulo ko itace a gindinta ya zama tsani. Ka gyara wannan kafin komai. Ƙofar zaure ta zama ta ƙarfe da sakata biyu ta ciki, sama da ƙasa, kuma ka duba madogarar, domin ƙofa mai kyau a jikin firem da ya ruɓe duka ɗaya ce. Ɗaki ɗaya a cikin gida a yi masa ƙofa mai ƙarfi ta musamman, a gaya wa mata da yara in an ji abu nan za a shiga a kulle, in kuma akwai ƙofar baya da za a sulale ta cikin gona, kowa ya san ta. Fitilar sola mai kamawa da kanta in ta ga motsi yanzu tana ko'ina a kasuwa, ka sa ɗaya a ƙofar gida ɗaya a turke, a sama inda hannu ba ya kaiwa, tana haska waje ba tana haska ku ba. Kare kuma malamai sun yi bayanin halaccin ajiye shi don gadin dabbobi da gona, a ɗaure shi can wajen turke, shi ba ya barci irin namu.

Sai waya. A kwana da caji da kati a ciki, lambar DPO da ta shugaban 'yan sintiri da ta mai unguwa a ajiye a farkon jeri, a koya wa uwargida da babban yaro yadda za su kira, ga kuma 112 lambar gaggawa ta ƙasa da ake kira kyauta, duk da cewa a wasu ƙauyukan sabis ɗin ma sai an hau tudu, to ku san inda yake kamawa tun da rana. Ku yi yarjejeniya da maƙwabta a kan alama ɗaya, usur ko dukan ƙarfe ko lasifikar masallaci, wadda in an ji ta kowa ya san ba wasa ba ne, kuma kar a riƙa busa ta a banza har ta zama abin dariya. Sintiri a yi shi da sanin dagaci da 'yan sanda, a rubuta sunayen masu fita, a yi karo-karo a saya musu tocila da takalmin ruwa da kati, kuma wanda suka kama a miƙa shi ga hukuma da ransa da lafiyarsa. Mun ga yadda a wasu jihohin sa-kai ba tsari ya koma ramuwar gayya tsakanin ƙauye da ruga har abin ya fi na da muni, ba ma fatan haka a nan, kuma Fulanin da muke zaune da su shekara da shekaru su ma shanunsu ake kora, a sa ardo a cikin shawarar.

Bakinka ma tsaro ne. Ka sayar da shanu ko amfanin gona, ba sai majalisa ta sani ba, ba sai an ɗora a Facebook ba. Yawancin gidan da aka shiga akwai wanda ya nuna, kuma ba daga nesa yake ba.

Abu na ƙarshe a wannan matakin, ko da bindiga a gari ko babu, a samu mutum biyu ko uku da suka iya tsayar da jini. Tsumma mai tsabta a danna a kan raunin da ƙarfi kar a saki, in ya jiƙe a ƙara wani a kai ba a cire na farko ba, kar a zuba toka ko ƙasa ko man birki, kar a tsaya neman ciro harsashi, a nemi mota. Tun 2017 akwai dokar da ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi wanda aka harba ya fara yi masa magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ko kuɗin ajiya ba, su asibitin ne za su sanar da 'yan sanda. Ku san asibitin da ya fi kusa da ku mai ɗakin tiyata, in abin ya fi ƙarfinsu su za su tura Murtala ko Malam Aminu Kano, ko Rasheed Shekoni a Dutse, ko na tarayya da ke Birnin Kudu.

In kuma ka riga ka saya

Akwai waɗanda suke karanta wannan alhali abin yana binne a bayan rumbu, ko sun gada daga mahaifi ba takarda. Kar ka sayar wa wani, ka ƙara laifi a kan laifi kuma ba ka san inda za ta ƙare ba. Kar ka jefa a rijiya ko kududdufi yara su tsinta da rani. Kar kuma ka saka ta a buhu ka hau babur ka nufi ofishin 'yan sanda kai kaɗai, in aka tare ka a hanya ba wanda zai yarda miƙawa za ka yi. Ka samu lauya ka gaya masa, ko ka je wajen dagaci ko hakimi a asirce, su su yi magana da DPO a sa rana, a zo a ɗauka ko a raka ka. Akwai kuma cibiyar ƙasa ta kula da ƙananan makamai da aka kafa a 2021 a ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, ita ma aikinta kenan karɓa da lalatawa. Ranar miƙawar ka tabbata an rubuta irin bindigar da lambarta in tana da ita da adadin harsashin, an sa hannu an buga hatimi, shaidunka biyu su ma su sa hannu, ka karɓi kwafinka ka yi masa hoto a waya ka adana asalin.